Zama a Praia: amsa ga mai shirin zuwa Cape Verde

Ɗan'uwa, ka tambaya ko Cape Verde za ta yi maka wurin karatu, da yadda cefane yake a can. Tsibirai 10 ne a Tekun Atilantika, kimanin kilomita 570 yamma da Dakar, 9 ne ke da mutane. Praia, babban birnin, tana kan tsibirin Santiago, nan ne kuma cibiyar jami'ar gwamnati, Uni-CV. Da Fotugisanci ake koyarwa, a kasuwa kuwa Kriolu, harshen 'yan ƙasar, ake yi. Ingilishinka ko albasa ba zai saya maka da rahusa ba.

Kuɗinsu escudo a ɗaure yake da yuro, escudo 110 yuro ɗaya, don haka lissafin naira zai ruɗe ka. Ƙasa ce busasshiya, damina Agusta zuwa Oktoba ce, ita ma ba kullum take cika alkawari ba. Shi ya sa shinkafa, mai da madara duk jirgin ruwa ke kawo su, farashinsu kuma sai a hankali. Kifi ne mai dama-dama, musamman tuna, a hannun matan da ke tallarsa cikin roba a ka. Kayan miya ka nufi kasuwar Plateau da ke tsakiyar Praia, ko ka hau Hiace zuwa garin Assomada ranar Laraba ko Asabar. Motar ba ta tashi sai ta cika, kamar tashar gida. Gwanjo da kayan ɗaki sai kasuwar Sucupira a Praia, inda za ka ga ana fito da tufafi daga durom-durom da dangi ke aikowa daga Amurka.

Ka yi hattara da cachupa, abincin ƙasar. Masara ce da wake, amma sau da yawa da naman alade a ciki, sai ka nemi ta kifi. Wurin samun naman yanka kuwa, tambayi 'yan Senegal da 'yan Gini a masallaci.

Ruwan famfo na teku ne da aka cire wa gishiri, kuma yana ɗaukewa. Kada ka kama ɗakin da ba shi da tanki. Lokacin hunturu hazonmu na gida yana kaiwa har can, bruma seca suke ce masa, yana hana jirage tashi.

Mai fasfo na ECOWAS ba ya buƙatar biza, amma a filin jirgi ana neman tikitin komawa, adireshin masauki da shaidar guzuri, wanda ya rasa ana mayar da shi. In fasfonka na Nijar ne, ka tuna ta fita daga ƙungiyar a Janairun 2025, ka tuntuɓi hukumomin Cape Verde kafin ka sayi tikiti. Takardar zama a Cape Verde kuma ba ta shigar da kowa Turai.