Hukuncin sayen gonar da gwamnatin Amurka ke biyan kuɗi don a bar ta saura

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina zaune a jihar Minesota, na samu gona mai eka 80 zan saya. Dillali ya ce tana cikin shirin CRP, wato gwamnati na biyan mai ita duk shekara don kada ya noma ta. Kwangilar ta shekara 10 ce, an ci 4. Ya halatta in saya? Kuɗin da za a riƙa ba ni ba tare da na noma komai ba halal ne?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Cinikin ya halatta, kuɗin ma halal ne. Amma akwai nauyin da ke biye da gonar, wanda dillalai ba su cika faɗa ba, kuma a nan ne ya kamata ka tsaya da kyau.

Wannan shiri an kafa shi da dokar noma ta 1985, ofishin FSA na ma'aikatar noma ke tafiyar da shi. Manomi yana janye gonar da zaizaya ke ci ko wadda ke bakin ruwa daga noma na shekara 10 zuwa 15, ya shuka ciyawa ko itatuwa bisa tsarin da aka rubuta masa. Gwamnati na biyansa kuɗin haya kan kowace eka a watan Oktoba, kuma takan ɗauki har rabin kuɗin shukar farko. Ƙasar tana nan mallakinsa, amfaninta ne aka ɗaure zuwa wani wa'adi.

To sayar da abin da amfaninsa ke hannun wani zuwa lokaci sananne, mas'ala ce da malamai suka yi magana a kanta a babin sayar da abin da aka ba da haya. Malikawa da Hambalawa, da Shafi'awa a zancensu mafi rinjaye, sun ce ciniki ya inganta kuma haya ba ta warwarewa. Daga hujjojin akwai hadisin Jabir da ke cikin Bukhari da Muslim, inda ya sayar wa Annabi (SAW) raƙuminsa ya toge hawansa zuwa Madina, da hadisin da ya hana togiya a ciniki sai in an san ta. Sharaɗin dai shi ne sani. Wanda ya saya bai san gonar na ɗaure ba, yana da zaɓi, ko ya riƙe ko ya mayar. Kai kuwa an gaya maka, sai dai jin bakin dillali bai isa a kira shi sani ba.

Game da kuɗin, ba kyauta ba ne a banza, kuma ba shi da alaƙa da riba, don ba bashi ka ba gwamnati ba. Lada ne a kan hana kanka wani amfani da kuma aikin da aka ɗora maka: kashe miyagun ciyayi, gyara wurin da shuka ta mutu, da aikin tsakiyar wa'adi kamar ƙona ciyawar ko yi mata kaftu sama-sama. Keɓe ƙasa don maslahar jama'a yana da asali. Annabi (SAW) ya yi hurumi a Naƙi'i, Umar ya yi a Rabaza, duka biyun wuraren kiwo ne a yankin Madina. Masu cewa barin gona ba noma haramun ne, su duba ƙarshen hadisin Abu Huraira: wanda ke da ƙasa ya noma ta ko ya ba ɗan'uwansa, in ya ƙi ya riƙe ƙasarsa. Balle ƙasar da hutun ma gyara ne gare ta.

Yanzu ga inda gizo ke saƙar. Kwangilar ba ta bin gona da kanta. Bayan ciniki kana da kwana 60 ka je ofishin FSA na gundumar da gonar take, ka sa hannu a takardar kwangilar, wadda ake kira CRP-1, a matsayin magajin kwangila. In ba ka yi ba kwangila ta rushe, kuma mai sayarwa ne za a bi ya mayar da duk abin da ya karɓa, da ruwa a kai, da tarar kashi 25 cikin ɗari na hayar shekara guda. Shi ya sa lauyansa zai sa sharaɗin cewa dole ka karɓa. In ka amince da sharaɗin, cika shi wajibi ne, saboda faɗin Allah a farkon Suratul Ma'ida cewa ku cika alkawura, da hadisin "Musulmi suna kan sharuɗɗansu". Ka amince sannan ka yi shiru har kwana 60 su wuce, asarar da ta same shi tana wuyanka a shari'ance.

In kuma ka sa hannu, nauyin duka ya dawo kanka, har da kuɗin da ba kai ka ci ba. A ɗauka, don misali kawai, hayar eka dala 150 ce. Eka 80 dala 12,000 ke nan a shekara. Ka karɓi kwangila, shekara ta zagayo ka sa garma: za a nemi dala 48,000 da tsohon mai gona ya karɓa, da abin da kai ka karɓa, da kuɗin shukar da gwamnati ta taimaka da shi, da tarar dala 3,000, da ruwa. Tarar saɓa kwangila irin wannan, Majalisar Fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi ta halatta ta a zamanta na Riyad a shekarar 2000, muddin asalin abin da ke kan mutum ba bashi ba ne. Ruwan da ake ɗorawa kuwa riba ce, babu kwana-kwana. Abin da na rinjayar shi ne, tunda hukuma ce ta gindaya shi a kan kowa, ba ya cikin manufar kwangilar, kuma ba ya aukuwa sai da saɓawarka, wanda ke da niyya da ikon cikawa zai iya sa hannu. Wanda kuwa ya ƙudurta noma gonar baɗi, ko yanka filaye a ciki, ko gina gida a kan ekokin da aka yi wa rajista, bai halatta ya shiga ba, don ya san zai kai kansa ga biyan riba. Irin wannan ya nemi mai gona ya warware kwangilarsa tukuna, a daidaita farashi a kan haka.

Saboda haka kafin ka ba da kafin alƙalami, ka karɓi kwafin CRP-1 da tsarin kula da gonar da taswirar da ke nuna ekokin da ke ciki, don sau da yawa ba duka gonar ba ce. Ku je ofishin tare da mai sayarwa a tabbatar babu laifin da aka rubuta masa. Ka taka gonar da ƙafarka. In ƙaya da ƙananan itatuwa sun cinye ciyawar, kai za ka gaji gyaran. Ka bincika ko ka cancanci karɓar kuɗin ma, don ɗan ƙasa da mai katin zama na dindindin hukuncinsu daban da na baƙo. Ka kuma tambaya ko akwai wani ɗauri na dindindin a takardar mallakar, irin wanda ake yi wa fadamu, wannan ba ya ƙarewa da ƙarewar CRP. In kana da dabbobi, ka sani kiwo da yankan ingirici sai da izini, akan rage kuɗin shekarar in ba lokacin fari ba ne, kuma akwai watannin da tsuntsaye ke sheƙa da ake hana yankan ciyawa.

A rubuta wanda zai ɗauki kuɗin shekarar da aka yi ciniki a cikinta, ko yadda za ku raba, don malamai sun saɓa kan wanda ya cancanci hayar abin da aka sayar, rubutu ne ke yanke gardama. Kuma farashi ya zama na gona ne dunƙule. Kada a ware a ce ga kuɗin ƙasa, ga kuma dala kaza na sayen biyan shekara 6 da suka rage, wannan sayen kuɗi ne da kuɗi a jinkirce. Bashin banki mai ruwa don sayen gonar haramcinsa na nan, shirin gwamnati bai canza shi ba.

Zakka: babu ta amfanin gona tunda ba a girbe komai ba. Kuɗin hayar kuwa, in ya kai nisabi shi kaɗai ko haɗe da sauran kuɗinka, kimar giram 85 na zinariya, kuma shekara ta zagayo masa a hannunka, ka fitar da kashi 2.5 cikin ɗari. In ka sayi gonar ne don ka jira ta yi tsada ka sayar, a mazhabar Malik zakkar shekara ɗaya za ka fitar ranar da ka karɓi kuɗinta.

Wallahu a'alam.