Amsa ga mai Corolla da injinta ke rawa a silo

Wa'alaikumussalam ɗan'uwa. Ka ce Corolla ɗinka 2006 tana rawa idan tana silo (wato tana tsaye inji na aiki), tana shaƙewa in ka taka totur, wutar cek tana ƙiftawa, an canja filogi bata daina ba, yanzu kuma makanike yace sai an sauke inji. Don Allah kar ka yarda a sauke tukunna, na daɗe da irin motar nan kuma mafi yawan lokuta matsalar bata kai can ba.

Fara da kai ta a sa mata kwamfuta. In ta nuna lambar matsala P0301 to silinda ta ɗaya ce ke misin (wato bata ƙona fetur daidai), P0302 ta biyu, haka har ta huɗu, ana ƙirgawa ne daga ɓangaren da bel yake. Da ka san silindar, ka sa a cire koyil ɗinta (abin da ke ba filogi wuta) a musanya da na maƙwabciyarta, domin wannan injin kowane filogi da koyil ɗinsa, a goge lambar a ɗan zaga da motar a sake dubawa, in lambar ta bi koyil ɗin ta koma ɗaya silindar shikenan ka kama ɓarawon, koyil ɗaya zaka saya ba huɗu ba. Wannan gwajin ko sisin kaya baya ci amma wallahi da yawa basa yi, sai dai a yi ta sa mutum sayen kaya da ka.

Lokacin da aka zare koyil ɗin ka leƙa ramin da idonka. In ka ga baƙin mai kwance a ciki, gasket ɗin murfin saman inji ne ke yoyo, kuma ko sabon koyil ka saka zai sake kashe shi. Ruwa ma yana taruwa a nan in an wanke inji da famfo mai ƙarfi. Sannan filogin da aka sa maka, wane iri ne? Nata Denso SK16R11 ne, kuma jabu ya cika gari, kwali mai kyau amma ba ya aiki.

In lambar bata motsa ba sai a musanya nozul (mai fesa fetur wa silinda) haka nan, sannan a auna kwamfireshan (ƙarfin matsin da ke cikin silinda), shine zai nuna ko bawul ne ko ringi. P0300 kuwa ba silinda ɗaya bace, nan a duba famfon mai, ko iska na shiga ta wata tiyo da ta tsage, ko ka sha gurɓataccen fetur.

Amma maganar ƙiftawar wutar nan, ka rage hawa motar, ɗanyen fetur ne ke wucewa salansa yana ƙona indomi (matatar hayaƙin da ke jikin salansa), kuɗinsa kuma ya ninka na koyil nesa ba kusa ba. In an sa kwamfutar turo mana lambar da ta fito mu gani.