Me ya sa barci ba ya zuwa sai ƙarfe biyun dare?

Tambaya: Likita, barka da aiki. Na fi shekara ba na samun barci sai wajen ƙarfe biyun dare, ko da na kwanta tun goma, da safe kuma da ƙyar nake tashi. Wani abokina ya ce hasken waya ne. Gaskiya ne? A ofis nake wuni, tun safe har yamma.

Amsa: Malam, abokinka bai yi ƙarya ba, sai dai rabin zancen ya faɗa maka. Ni abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne wunin da kake yi a cikin ɗaki.

A can cikin ƙwaƙwalwa, daidai saman inda jijiyoyin idanu biyu suke gittawa, akwai wani ɗan curi mai ƙwayoyin jijiya kimanin 20,000. Shi ne agogon jiki. Ba ya tafiya awa 24 cif. A yawancin mutane yakan zarce da wajen minti goma, don haka kullum sai an saita shi. A 1962 wani Bafaranshe, Michel Siffre, ya yi wata biyu a cikin kogo ba rana ba agogo. Lokacin barcinsa ya riƙa ja baya, lissafi ya ɓace masa, har ranar fitowa ta yi yana zaton akwai sauran makonni.

Haske ne mai saita agogon. A cikin ido akwai wasu ƙwayoyi na musamman da ke auna yawan haske su kai wa agogon rahoto, kuma shuɗin haske ya fi motsa su. Idan suka ce da sauran rana, sai a riƙe sinadarin melatonin, wanda ke sanar da jiki cewa dare ya yi. Hasken safe yana jawo agogon ya zo da wuri, na dare kuma yana tura shi baya.

To ga inda ido yake ruɗin mu. Ana auna haske da ma'aunin lux. Ofis mai fitilu yakan kai 300 zuwa 500. Waje kuwa, ko ranar da hadari ya rufe sama, ya haura 1,000, in rana ta buɗe ya wuce 10,000. Ido yana sabawa da kowanne, shi ya sa kake ganin ofishinka fes, alhali a wajen agogonka ka wuni ne a duhu-duhu. Da dare sai ka kunna fitila ka ɗauko waya. Yaya zai bambance rana da dare? A 2013 masu bincike a jihar Kolorado ta Amurka sun kai mutane zango a daji na mako guda, ba lantarki, sai melatonin ɗinsu ya riƙa fitowa wajen awa biyu kafin lokacin da ya saba.

Saboda haka fara gyara daga safiya. Cikin awa guda da tashinka, fita waje na minti 20 zuwa 30. Zama bayan gilashin taga bai kai fita ba, kuma kada ka kalli ƙwayar rana. Riƙe lokacin tashi guda, har ranakun hutu, ko da daren bai yi daɗi ba. Awa biyu kafin kwanciya ka rage fitilu. Tsarin dare na waya, wanda ke rage shuɗin haskenta, yana ɗan taimakawa, amma ban cika dogara da shi ba, don sau da yawa hirar da ke cikin wayar ce ke hana ido rufuwa.

Agogon a hankali yake matsawa, ka ba shi mako uku zuwa huɗu. In ba sauyi, ko kana minshari mai ƙarfi, ko damuwa ta yi maka yawa, je a duba ka. Kuma kada ka sayi ƙwayar melatonin da kanka, domin shan ta a lokacin da bai dace ba yana iya ƙara karkatar da agogon.