Abin da ke sa Matrigel daskarewa da wuri

Malama, kin ce Matrigel, wato ruwan furotin da ke kamawa ya zama kamar jeli, na daskare miki kafin ki shimfiɗa shi a kofin Transwell, ƙaramin kofi mai ƙananan ramuka a gindinsa, don gwada kutsen ƙwayoyin sankara. Zafi ne ke daskarar da shi, ba sanyi ba. Da ya haura digiri 10 yake fara kauri, balle a zafin Yamai. In kin ciro shi daga firiza, ki bar shi ya kwana cikin ƙanƙara a firji, digiri 4, ya narke a hankali. Bakin pipet, abin da kike ɗibarsa da shi, ma ki sanyaya shi.

Bayan kin shimfiɗa shi, in ya kama a digiri 37, ki zuba ƙwayoyin a sama babu siram (ruwan jini da ake ciyar da ƙwayoyi da shi), a ƙasa kuma siram kashi 10 cikin 100, shi ke jawo su ta ramukan gindin kofin masu faɗin maikuromita 8. Don Allah ki leƙa ƙasan kofin: kumfar iska in ta maƙale, ƙwaya ba ta ratsa wurin, lissafinki ya ɓaci.