Ɗan'uwa, kada ka yarda da allurar nan

Assalamu alaikum. Ka ce kullum bayan asuba kana gudu daga Tumfure har filin wasa na Pantami saboda shirin shiga soja, da yamma ka ɗaga ƙarfe, yanzu ga kasala, barci ya ƙi zuwa, sha'awa ta ja baya, gwajin jini kuma ya nuna testosteron ɗinka, wato sinadarin mazakuta, ya yi ƙasa. Kana tambaya ko ka karɓi allurar testosteron da aka yi maka tayinta. Wallahi ina karantawa gabana na faɗuwa, domin ni ma na taka wannan ƙayar.

Don girman Allah kada ka karɓa. Ni wani koci ne a nan Gombe, ba zan kama suna ba, ya sa ni gudu ban ci komai ba wai don tumbi ya zube. Da na ce masa jiri nake ji, sai ya dube ni a gaban yaran da na girme su ya ce ragwanta ce ke damuna. Daga baya ya kawo wata 'yar kwalba ya ce ƙarin kuzari ne kawai. Ashe testosteron ne. Da farko jiki ya murje, ana ta yaba ni. Da ta ƙare kuwa, komai ya mutu. Nonona ya kumbura, ko riga ta taɓa shi sai na ji zafi. Ranar da ba zan manta ba, uwargida ta zauna bakin gado tana kuka tana tambayata ko wata ce a waje. Na rasa bakin magana. Da na koma wurin mutumin nan da kwalbar a hannuna, ko kallona bai yi ba, yana danna waya ya ce ai shi ba likita ba ne. Har yau idan na hango shi raina ɓaci yake. Allah ya isa.

Likita ne ya fahimtar da ni cewa idan ƙwaƙwalwa ta ga sinadarin ya cika jini daga waje, sai ta daina aika wa 'ya'yan maraina umarni su yi nasu. Su ƙanƙance, maniyyi ya ragu, kuma dawowarsu kan ɗauki watanni.

Naka kuwa, ina kyautata zaton yunwa da gajiya ne. Gudun dogon zango mai tsanani yana ɗaga kotisol, sinadarin da ke fitowa daga wasu ƙananan halittu a saman ƙoda. Idan kullum ne, ba abinci isasshe, ba hutu, jiki sai ya rage testosteron don ya tsira da ɗan ƙarfin da ya rage masa. Ɗaga ƙarfe yana ɗaga testosteron kam, amma na ɗan lokaci ne, cikin kamar awa guda ya sauko. Kada 'yan wurin atisaye su ruɗe ka da wannan.

Ƙarfe nawa aka ɗebi jininka? Testosteron da safe yake sama, yana sauka zuwa yamma. Ka koma a sake, kafin ƙarfe 10 na safe, kuma ba washegarin gudu mai wahala ba. Ba a yanke hukunci da gwaji ɗaya.

Ka ci abinci, ɗan'uwa! Kunun gyaɗa, ƙosai, ƙwai, wake, fura da nono, bayan gudu kai tsaye. Ka raba ranar gudu da ranar ƙarfe, ka bar kwana ɗaya ko biyu a mako ba ka yin komai. Ka ajiye waya da wuri, domin sinadarin da ke gina tsoka cikin barci mai nauyi ya fi fita.

'Yan'uwa mata da ke cikin zauren nan, ku ma ya shafe ku. Wadda ke gudu sosai tana ƙin abinci har al'adarta ta ɗauke, ta je asibiti, domin ƙashi ne ke yin rauni.

Kai kuma idan ka rage atisaye na wasu makonni ba ka ga sauyi ba, ka je Asibitin Koyarwa na Tarayya ka ga likita, ka tafi da takardar gwajin farko.