Manhajata Tana Faɗuwa Duk Sanda Na Yi Kwafi

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Daga wani ƙauye kusa da Maigatari nake, ina rubuta manhaja da C++ don lissafin buhunan riɗin ƙungiyarmu. A kilas ɗina mai suna Sito (kilas shi ne tsarin da ake ƙera abubuwan manhaja a kansa) na ari ma'adana, wato wurin ajiyar bayanai a kwamfuta, da umarnin new, ina mayar da ita da delete a cikin mai rushewa, wato aikin da ke gudana idan abu ya gama amfani. Da na rubuta Sito b = a; don kwafe a zuwa b, sai manhajar ta faɗi wajen rufewa. A zauren WhatsApp wani ya ce bairos ne, wani ya ce in goge delete ɗin. Ga kaka ta matso, hankalina a tashe yake.

Amsa: Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, kwantar da hankalinka, babu wani bairos.

Ayyuka shida kwamfaila, wato manhajar da ke fassara rubutunka zuwa yaren kwamfuta, kan rubuta maka a ɓoye: mai ginawa wanda ba ya karɓar komai, mai rushewa, na kwafi biyu, da biyu na ɗauke kaya daga wani abu zuwa wani ba tare da kwafi ba, waɗanda suka shigo da C++11 a 2011.

Na kwafin nan su suka kayar da kai. Kullum sai na ji ɗalibi ya ce, "Ai kwamfaila ta rubuta, daidai ne." Ina! Kwafinta mamba bayan mamba ne. Idan mamban fointa ne, wato mai riƙe adireshin inda kaya suke a ma'adana, adireshin kawai take kwafewa, ba kayan ba. Kamar ka yi hoton rasit ɗin buhu ɗaya da ke sito: takarda ta zama biyu, buhu yana nan ɗaya. b ya zo ya ɗauke, a ya zo da tasa takardar, sai rigima. Ma'adana ɗaya aka mayar sau biyu. Abin tsoron ma, wani lokaci ba ta faɗuwa, sai dai ta lalata lissafi shiru, ranar rabon kuɗi a ce ka ci amana.

Shi kuwa mai cewa ka goge delete, wallahi irin likitan tasha ne. Faɗuwar za ta tsaya, amma ma'adana ta dinga yoyo, wato ana ara ba a mayarwa, a da b kuma suna rubutu a wuri ɗaya. Don Allah wanda bai sani ba ya daina ba da fatawa!

Tunda ka rubuta mai rushewa, rubuta na kwafin biyu da kanka, ko ka hana su da = delete (wannan alamar haramta aiki ce, ba delete na mayar da ma'adana ba). Ka kuma sani, rubuta mai rushewar da ka yi ya hana kwamfaila samar da na ɗauke kayan. Ni dai da ni ne, zan zuba buhunan cikin std::vector, jerin da ke kula da ma'adanarsa da kansa, in cire new da mai rushewar gaba ɗaya.