Lambar da ke damtsena tana aiki har yanzu?

Likita, shekaruna 63. Ina yaro a Argungu aka jera mu a ƙofar gidan mai unguwa aka yi mana lambar agana, tabon yana nan a damtsena kamar kwabo. Ɗana ya ce Amurka ta sake yi wa manya don tsoron 'yan ta'adda. In je a sake mini?
Wani dattijo, Birnin Kebbi

Baba, sha kuruminka. Tun bayan na ƙarshe da aka gani a Somaliya a 1977, ba a sake samun wanda agana ta kama haka kawai a gari ba, kuma a 1980 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce an kawar da ita. Wuraren da aka amince a ajiye ƙwayar cutar biyu ne: Atlanta a Amurka da Koltsobo a Rasha.

Ɗanka bai yi ƙarya ba. A ƙarshen 2002 gwamnatin Shugaba Bush na Amurka ta fara yi wa sojoji, ma'aikatan lafiya suka biyo baya, don gudun kada wani ya watsa ƙwayar da gangan. Amma wasu sun samu kumburin zuciya, ma'aikata da yawa kuma suka noƙe. Ni ban ga laifinsu ba.

Lambarka kuwa, ƙarfinta yakan fara raguwa bayan shekara 3 zuwa 5, kodayake takan rage tsananin ciwon. Ko da cutar ta ɓulla, rigakafin yana amfani in an yi cikin kwana 3 da haɗuwa da mai ita. Tabon da kake gani a hannun jikokinka kuma na tarin fuka ne, BCG.